Ƙafar Baba Sale

Daren Talata

Yau kam zan yi barci. Jiya na ɗaga wa Baba Sale murya a kan yadin da ya taka, alhali a zaurensa nake ɗinki. Na ɗauka yau zai ce in kwashe keken ɗinkina in bar unguwar Zaitawa.

Da azahar na gan shi yana alwala, ciwon baya ya hana shi sunkuyawa ya wanke ƙafa. Ni da nake ta karanta yadda Yesu ya wanke ƙafafun almajiransa, sai da na yi kamar ban gani ba. Can dai na durƙusa, na karɓi butar, na kama ta hagu.

"Kai Bitrus, da dama ake farawa! Duk karatun nan naka na mene ne?"

Amsa mai zafi ta zo min har baki. Na haɗiye, na koma dama.

Da na gama ya ce, "Gobe kada ka makara, bayan nan ba yau zai warke ba."

Kekena na nan. Ubangiji, riƙe min bakin nan gobe ma.