Inna ta gyara gefen jaridun Baba

Zuwa ga Yayana abin ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da uwargidanka da yara, Ya kuma yaye maka ciwon bayan nan da kake ɓoye mana alhali matarka tana gaya mini komai. Mu nan lafiya lau, Kawu ya fara takawa ba sanda, Gwaggo kuma tana nan da mitarta. Na zaɓi in rubuto maka ne maimakon in buga waya, domin ka san Inna, ko a banɗaki na amsa kira sai ta ji abin da aka ce, kuma maganar nan ba na son ta ji ta daga bakina.

Maganar jaridun Baba ce, waɗanda suka buga wa sojoji lokacin yaƙi, sa'ad da yake haɗa baƙaƙe a maɗaba'a. Kwanakin baya wata malama daga laburare ta zo, ta ce suna bi gida-gida suna tattara duk abin da aka buga a zamanin yaƙin, su ɗauki hotonsa da na'ura su adana a kwamfuta, su mayar wa masu shi kayansu. Da muka buɗe mata akwatin ƙarfen nan na ƙarƙashin gado, sai ta shiga duba su ɗaya bayan ɗaya. Ta ce wasu fitowar ba ta taɓa ganinsu a ko'ina ba, ta yiwu namu ne kaɗai suka rage. Ta sa mana rana za ta dawo da abokan aikinta da na'urar. Rannan Inna ta yi ta murna har da hawaye, ta ce ashe wahalar Baba ba ta tafi a banza ba.

To, Yaya, ka san Inna da baƙi, kuma ka san hannun tela ba ya ganin zare a tsaye ya ƙyale shi. Ina wurin aiki ta fito da jaridun, ta ga gara ta ci gefensu, sama duk ya yi baƙi ya yage. Sai ta ce ba za a zo a ɗauki hoton kayan mijinta a haka ba, duniya ta ce iyalinsa ƙazamai ne. Ta shimfiɗa su a kan teburin yanka, ta ɗauko babban almakashinta, ta daidaita gefen kowace ɗaya tsaf kamar za ta yi kalmasa. Wallahi aikin ya yi kyau, babu inda ya karkace. Sai dai a wannan siririn layin na sama ne ake buga kwanan wata da lambar fitowa, ita kuwa ba ta karatun boko, ta ɗauka ado ne. Ta kuma jera su daga babba zuwa ƙarama, jerin Baba ya wargaje. Na dawo na tambaye ta ina guntayen, ta ce ai ba ta barin takarda mai rubutu a ƙasa a tattaka, ta ƙone su a murhu.

Da malamar ta dawo ta gani, sai ta zauna a kan kujerar keken ɗinki ta dafe kai. Mutuniyar kirki ce, ba ta ɗaga wa Inna murya ba. Ta bayyana mana cewa jaridun sojoji ba sa faɗin wuri ko rana a cikin labari, saboda kada abokan gaba su amfana, sai ka ga an rubuta jiya ko makon jiya kawai. Ta ce za su ɗauki hoton duk da haka, amma in ba a samu wanda ya san jerinsu ba, za a zuba su cikin rukunin takardun da ba a san lokacinsu ba, inda da wuya wani ya leƙa. Inna ta ji wannan. Bayan sun tafi ta tambaye ni ko wato yanzu Baba ya yi yaƙin da ba shi da rana ke nan, kuma ita ta jawo. Tun daga nan ba ta cin abincin kirki, ba ta karɓar ɗinki, ta rame har zobenta yana zamewa. Ina jin haushinta, ina kuma jin tausayinta, na rasa wanda ya fi yawa.

Kai ne kake karanta wa Baba su bayan idonsa ya mutu, daga ta farko har ta ƙarshe, ya sa ka koma baya, har kana kuka kana cewa an hana ka ƙwallo. Kai kaɗai ka san jerinsu, Kawu ya gwada jera su, ya rikice. Malamar ta ce na'urar za ta bar yankinmu a ƙarshen wata, kuma tana iya tura maka hotunan ta waya ka jera. Amma ni roƙona ka zo da kanka, ko kwana kaɗan ne, ka zauna a gaban Inna ka jera su tana gani. Ko ba ka tuna duka ba, abin da ka tuna ya ishe ta.

Ka gaishe mini da uwargida, da takwarar Inna, da Auta mai haƙoran ɓera. Kawu da Gwaggo da maigidana duk suna gaishe ka. Inna kam ba ta aiko da gaisuwa ba. Na ce mata zan rubuto maka, me zan ce, sai ta juya fuska bango, ta ce da wane ido za ta gaishe ka.

Wassalam. Taka ƙanwa,
'Yar Tsiwa