An Cire wa Bibi Hannu

Gujranwala, 4 ga Afrilu

Zuwa ga aminina Inayat,

Assalamu alaikum. Gaisuwa ce ta wanda ya yi kewa. Yaya jikin, yaya gwiwar nan taka mai ƙara kamar ƙofar shagonmu? Yaya 'yarka Ruksana da mijinta da yara? Allah ya saka mata da ta ɗauke ka zuwa Multan, ko da yake ni ta cuta.

Sau biyu ina kiran ka a waya, kana ta "Wa? Wa?" har na gaji na kashe. Shekara arba'in na ƙarar ƙarfe sun cinye maka kunne. To ga takarda, ita ba ruwanta da kunne.

Inayat, an taɓa Bibi, injina. Tun da ka tafi aka sayar da injinka da na marigayi Sadik, ita kaɗai ta rage cikin tsofaffin injinan sassaƙa ƙarfe, sai kuma ni. Yanzu mai shagon, Mian Zubair, yaron da muke saya wa rake yana bin ubansa shago, ya ce masu sayen murfin famfon ban-ruwa suna son ɗari biyu a rana, ni kuma sittin nake yi. Sabon inji ya fi ƙarfinsa, don haka ya ɗauko wani injiniya daga Lahore, Tauƙir, ya sa wa Bibi kwamfuta ta riƙa tuƙa kanta.

Ranar Talata aka fara. Ina tsaye ya kwance hannayen juyawar nan uku, waɗanda tafin hannuna ya goge har suna sheƙi, ya jefa su a kwali kamar kwanonin da aka gama cin abinci. Ya maye gurbinsu da ƙananan injinan lantarki, ya rataya allo mai maɓallai a gefe. Na ce, "Ɗana, mutum ake cire wa hannu yana raye?" Ya yi dariya ya ce, "Chacha, hutu muka kawo maka." Chacha, wai kawu! Ko Ustad, malamin sana'a, bai iya cewa ba. Na ce, "Na ce maka na gaji ne?"

Na tambayi Mian Zubair matsayina. Ya ce, "Ustad Fazal, bari mu ga yadda za ta kasance." Ka san abin da wannan ke nufi, ni ma na sani.

Da rana ni kaɗai nake cin gurasata a bencin nan namu. Sauran duk sababbi ne, kowa ya duƙa kan wayarsa. A gida kuma tun rasuwar matata Surayya ba wanda zan ce wa yau kaza ya faru. Shi ya sa za ka sha wasiƙu, ka yi haƙuri.

Ka gaida mutan gida.

Naka,
Fazal Karim

Gujranwala, 19 ga Afrilu

Aminina Inayat,

Assalamu alaikum. Takardarka ta iso, na karanta ta sau uku, rubutun nan naka har yanzu kamar tonon kaji. Na ji daɗi da gwiwa ta yi sauƙi. Ka ce in kwantar da hankalina. To saurari abin da ya faru, sannan ka sake faɗa.

Bibi ta ƙi su! Wallahi ranar farko sai da na shiga bayan shago na yi dariya ni kaɗai. Kwamfuta ta tuƙa ta tsaf, ba tsayawa, amma duk murfin da ya fito, in an ɗora shi a kan famfo sai ruwa ya tsiyaya. Fuskar ba ta kwanta daidai, tsakiya ta fi gefe tudu da kaurin gashi biyu. An cika buhu uku da ɓatattu. Tauƙir ya canza wuƙa, ya canza waya, ya yi ta danna allo yana zufa. Ya rantse lissafinsa daidai ne, kuma gaskiyarsa, daidai ne.

Kai ka san ciwon. Shekara da shekaru teburinta yana kai da komo a wuri guda, hanyar da yake bi ta cinye a tsakiya, in ya zo nan sai ya ɗan nutse. Ni kuwa hannuna ya san wurin, in na iso sai in ɗaga teburin kaɗan, in sauke in na wuce. Ga kuma halinta na safe: sai ta yi awa guda tana aiki ta ɗumama, kanta ya sauko da kaurin takardar sigari. Ba a rubuce yake ko'ina ba. Ko ni ban san ina yi ba sai yanzu da na ga ba a yi.

Kwana shida ke nan na yi gum. Aikina share garin ƙarfe da miƙa wa injiniya sifana. Ya taɓa tambaya ta, a tsaitsaye, idonsa a kan allo: "Chacha, da ma tana haka?" Na ce, "A hannuna ba ta taɓa yi ba." Ban yi ƙarya ba, amma Allah ya san abin da na ɓoye.

Jiya Mian Zubair ya zo da wani ɗan gwangwan mai ƙaton ciki. Mutumin ya zagaya Bibi yana ƙwanƙwasa ta da makulli, yana cewa ƙarfen da ne, mai nauyi, da wuta za su yanka ta gida huɗu kafin ta shiga mota. A gabana, Inayat. Mian Zubair ya ce in ba ta gyaru ba zuwa Alhamis, a cire kwamfutar a ba shi ita.

Ka ga inda nake. In na yi shiru, za a yanka ta, mu tafi tare, kowa ya ce ai bayan Ustad Fazal ba mai iya ta. In na buɗe baki, za ta rayu, amma duk abin da ya sa ake buƙata ta zai koma cikin akwatin nan, kuma akwati ba ya neman hutun sallar Azahar. Ina jin tsoro, ba zan ɓoye maka ba. Ban san me mutum yake yi da safiya in ba shi da inda za shi ba.

Kar ka ba ni shawara, kafin amsarka ta zo Alhamis ta wuce. Addu'a kawai.

Naka,
Fazal

Gujranwala, 6 ga Mayu

Inayat, ɗan'uwana,

Assalamu alaikum. Da fatan zafin Multan bai narkar da kai ba. A gaishe da Ruksana, a ce na gode da man zaitun, ina shafawa.

Na faɗa musu. Ranar Talata da safe na ga ɗan gwangwan ya aiko an ajiye tulun gas na yanka a bakin ƙofa, tun ranar ba ta zo ba. Na je na sami Tauƙir na ce, "Na san ciwonta." Ya miƙe zumbur: "Tun yaushe?" Na ce, "Tun kana cikin tsumma." Ya jawo littafi zai rubuta, na ce ya mayar. Na ce, "Ba a karɓar sana'a a tsaye kamar sayen tumatir. Ni da alewar laddu da rawani na durƙusa gaban Ustad Mehr Din kafin ya bar ni in taɓa wannan injin. Ku a Lahore ba a koya muku ba?"

Na ɗauka zai yi fushi ya tafi, kuma wani ɓangare na zuciyata haka ya so. Sai ga shi bayan awa guda da kwalin laddu da farin ƙyalle yadi biyar. A gaban kowa ya naɗa mini rawani, naɗin ma bai iya ba, ya karkace kamar na mai tallan kankana. Ya sa mini laddu a baki ya ce, "Ustad ji, ka karɓe ni." Ma'aikata suna ta tafi da shewa. Shekara nawa ina jiran wanda zai zo ya nemi abin da ke hannuna, sai da ya zo ya zama mai raba ni da shi.

Kwana biyu muka yi. Ya kafa agogon awo, muna matsar da tebur inci-inci, ina ce masa nan take nutsewa, nan take dawowa, yana dubawa yana cewa, "Wallahi haka ne, Ustad ji!" yana zuba lambobi a allo. Na gaya masa zancen ɗumamar safe. Na gaya masa inda ake rage gudu in wuƙa ta zo bakin ramin murfi don kar ta yi kuka. Ban rage komai ba. Tun da ya naɗa rawani, haƙƙinsa ne. Yaron kirki ne fa, har gurasa ya ci tare da ni a benci kwana biyun nan, ya ce miyar wakena ta fi ta matarsa.

Ranar Alhamis murfi na farko ya hau famfo, ko ɗigo. Kafin la'asar ta yi ɗari da tamanin. Aka mayar wa ɗan gwangwan tulunsa, Tauƙir ya rungume ni ya koma Lahore.

Sauran ka riga ka sani. Mian Zubair bai yi mini wulaƙanci ba, gaskiya. Ƙarshen wata ya tara mutane, aka sha shayin sallamata, ya ce ni uba ne, ƙofa a buɗe take kullum. Aikin yanzu ɗora ƙarfe ne da danna koren maɓalli, wanda ke kula da injin huda shi zai haɗa da nasa.

Ranar Litinin na tashi na yi wanka na ɗaure gurasata, sai da na kai kwanar masu walda na tuna. Kunya ta hana ni juyawa a gaban mutane, na ƙarasa. Ban shiga ba. Na tsaya jikin bango ta waje, wajen tagar nan mai raga, ina jin ta tana yanka. Kai ba za ka ji ba ko kana nan, amma ni nawa kunnen da saura. Ta taho, ta iso bakin rami, ta rage gudu daidai inda nake ragewa, ta wuce lafiya lau. Murfi goma sha ɗaya na tsaya na saurara.

Inayat, Allah ya yafe mini, kuskure nake jira. Guda ɗaya tak, in shiga in ce a kauce. Ba ta yi ba. Na koya masa da kyau.

Na dawo gida na ci gurasar da hantsi, don ban san lokacin da ake cin ta a gida ba.

Ka rubuto, ko ba ka da labari.

Naka har kullum,
Fazal Karim