Ashe ba bakinki ba ne, Inna

Zuwa ga Inna,

Gaisuwa da ban girma. Na san ba mai kai miki wannan takarda, amma wa zan faɗa wa in ba ke ba?

Gida lafiya. Falmata matata ta haihu, mace, an sa mata sunanki, kuma ta ɗauko faɗanki tun a zanen goyo.

Inna, kin tuna lokacin da kunnuwanki suka riƙa kumbura, su yi ja, su sauka, su sake? Muka ce ƙurar tattasai ce, har muna tsokanarki wai kin nuna kin isa tsinka. Kika ji kunya, kika ja kallabi kika rufe su, ko a likita ba ki yarda an gani ba. Daga baya karan hancinki ya lotsa. Sai ciwon kai, sai mantuwa, har ranar da kika dube ni tsakar gida kika ce ba ki haife ni ba, ba zan ga albarka ba.

Ban taɓa faɗa wa kowa ba, amma maganar nan ta zauna mini. Da kogin Komadugu ya cika ya cinye gonata, na ce bakin uwa ne, alhali ta maƙwabta ma ta tafi.

Da Falmata ke kwance a likitar Diffa, hira ta haɗa ni da wani lokotoro mai duba marasa lafiya, na ba shi labarinki. Ya tambaye ni ko wurin hudar ɗan kunne ma yana kumbura. Na ce a'a, da ƴan kunnenki kika rasu. Ya ce bai gan ki ba, ba zai rantse ba, amma akwai cutar da ke cin guringuntsi, irin na kunne da na hanci, ta bar inda babu shi kamar wurin huda, wani lokaci kuma ta hau ƙwaƙwalwa har mutum ya manta nasa. Da an ga kunnen, da akwai maganin da ke kwantar da ita.

Wannan ya yi mini ciwo. Amma wallahi na fito ina jin sauƙin da na manta irinsa. Ashe ciwo ne ya yi magana, ba ke ba.

Tsoronki ya hana ni zuwa kabarinki tun ranar da muka kai ki. Juma'ar nan ina tafe.

Allah ya sa kin huta.

Ɗanki, wanda kika haifa,
Bukar