Naman Kazan da Isyaku Ya Gani

Asibitin soja, 9 ga Yuli, 1968

Zuwa ga Inna Laraba, a Tsiga.

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kina lafiya, da Baba da su Bilki. Yaya damina, an gama noman farko? Ni lafiya lau, ƙafa ce kawai take ɗan ciwo.

Inna, mun yi kwana uku a daji babu abinci. Da safe Isyaku, ɗan maƙwabciyarmu Tsohuwa, ya ga naman kaza ya fito a jikin suri, fari fat, irin na gonarmu. Kin san yadda kika koya mana, wanda ya gani ba ya ci shi kaɗai, sai ya kira 'yan'uwa. Ya manta a bakin daga muke, ya miƙe tsaye ya ƙwala mini kira, "Labo, zo ga na gida!"

Bai rufe baki ba harsashi ya fasa masa wuya. Na ruga wurinsa, ni ma aka same ni a cinya. Na danne masa raunin, jini na tsartuwa ta tsakanin yatsuna, har ya cika.

Kwana biyu ina kwance a gindin surin, ina tsinkar naman kazan ina ci ɗanye, kafin sojojinmu su zo su ɗauke ni. Likita ya ce wataƙila yauƙin da ke cikinsa ne ya ƙarfafa jikina, ciwon bai ruɓe ba. Ƙafar dai ba za a yanke ba.

Don Allah ki je wurin Tsohuwa kafin takardar soja ta iso. Kada ki ce ganganci ya yi. Ki ce mata abinci ya samu, ya kira ni.

Ɗanki,
Labo