Ina So a Ɗaga Bikina Don In Gwada Fim

Assalamu alaikum Anti Dijatu. Don Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki taimaka da wuri, domin ranar Juma'a mai zuwa Gwaggona za ta tafi Arikya da wani saƙo da na ba ta, in ta isar da shi kuwa ba ya dawowa.

Ba kuka na zo yi miki ba. Alhamdu lillahi ina cikin rufin asiri, lafiyata ƙalau, ba wanda ya takura mini. Shekaruna ashirin da shida. Iyayena suna Arikya suna noman doya da riɗi, ni kuma tun ina firamare nake unguwar Bukan Sidi a garin Lafiya wurin Gwaggo Iyatu, ƙanwar babana. Da safe ina koyarwa a wata 'yar makaranta, da yamma ina waƙa. Waƙar ce ta jawo wannan wasiƙa.

Situdiyon da nake zuwa ɗaki ɗaya ne a bayan shagon wani mai walda. Mai situdiyon sunansa Torkuma, mutumin Tibi ne, shi ke kiɗan fiyano, shi ke haɗa sauti, shi ke share wurin. Ya manne bango da kwalayen ƙwai wai don su tare ƙara, amma in mai walda ya kunna injinsa ko kwalayen ƙwan duniya aka tara ba su hana komai. Sai mu zauna mu jira ya tafi cin abinci. Da ya ja ƙofa sai mu kashe fanka, in tsaya gaban makirfo ina zufa kamar an watsa mini ruwa, mu yi sauri mu ɗauka kafin ya dawo. Anti, in na ce miki ba na jin daɗin wannan wahala na yi ƙarya.

Yawancin aikinmu waƙar biki ne. Dangin amarya za su kawo takarda cike da sunaye, wani lokaci har arba'in, kowa sai an ambace shi da kirarinsa. Sau ɗaya na tsallake yayar uwar ango, tsohuwar ta ce ba za ta taka wurin kamu ba sai an gyara, dole muka sake waƙar tun daga farko ana jibi biki. Ina yi da Hausa, in sa Gwandara, in dangin Eggon ne ko Alago in nemo gaisuwarsu in jefa a amshi, su yi ta murna. Shekara huɗu ke nan. Daga Doma har Akwanga ana rawa da muryata, amma ba wanda ya san tawa ce. Akwai bikin da na je ana sa waƙata, matar da ke kusa da ni ta rantse mini wata mawaƙiyar Kano ce, har ta ce ta taɓa ganinta. Na yi dariya na ce Allah ya ƙara mata basira. Torkuma ya sha yi mini faɗa in riƙa faɗin sunana a cikin waƙa yadda kowa ke yi, ni kuma kunya nake ji, sai in ga kamar yabon kai ne.

To a daminar bana wasu 'yan fim daga Kano suka zo ɗaukar wani shiri a gonakin shinkafa wajen Doma. Na je kallo kawai. Yarinyar da za ta fito a mai gasa masara ba ta zo ba, daraktan ya duba cikin 'yan kallo ya nuna ni. Magana uku ya ba ni, na faɗa sau ɗaya, ya ce ta yi, ba sai an maimaita ba. Duka-duka ban yi awa guda a wurin ba.

Da fim ɗin ya fito wayata ba ta huta ba. Ɗalibaina suna leƙo ni ta taga, masu tumatir a kasuwa suna kira na 'yar fim, har gyara suke ƙara mini. Abin dariyar shi ne muryar da ke fita daga bakina a fim ɗin ba tawa ba ce. Ashe ƙarar janareta ta ɓata sautin, sai suka sa wata a Kano ta maimaita maganata. Duk garin nan mutum biyu ne suka gane, Torkuma da Muhyiddin, wanda zan aura. Kin ga a waƙa muryata tana yawo ba fuska, a fim fuskata tana yawo da muryar aro.

Makonni uku da suka wuce daraktan ya kira ni. Yana da fim mai dogon zango da za a fara bayan kaka, yana so in fito a ƙanwar jarumar, wata takwas a Kano. Mutumin kirki ne a iya abin da na gani, ya ce zan iya zama wurin iyalinsa, zai kuma yi magana da babana. Da na ce masa an sa mini rana sai ya ce a yadda suka saba matar aure ba ta fitowa, don haka in duba in zaɓa.

Tun ranar nake lissafi. Shekara huɗu a waƙa ba wanda ya san ni, awa ɗaya a fim gari ya ɗauka. Ashe ke nan shiga fim ya fi sauƙi, ni ce na tsaya ina buga ƙofar da ba ta buɗewa? Torkuma ya ce ba haka ba ne, mun yi musu har mai walda ya leƙo ya ga ko faɗa muke.

Yanzu ga inda abin ya tsaya mini. An sa bikinmu bayan an kwashe riɗi, an raba goro, dangi na nesa duk sun ji. A gidanmu kuma ba a biki sai da kaka, lokacin da rumbu ya cika kuma mutane suka sauka daga gona, don haka in aka ɗaga, shekara guda cur aka ɗaga. Sai na ce wa Gwaggo na samu gurbin ƙaro karatu a Kano, ta je ta roƙar mini Baba a jinkirta zuwa baɗi. Babu wani gurbi, Anti. Gwaggo ta yarda, har da sa mini albarka. Niyyata in je in gwada wata takwas ɗin, in dawo a yi biki, kowa ya samu nasa.

Muhyiddin bai san komai ba. Kayan gini yake sayarwa a shagon babansa, mutum ne mai sanyin hali, bai taɓa hana ni waƙa ba. Shi ke kai ni situdiyo a babur, ya zauna a gindin mangwaro yana shan rake har in fito. Ya gama shafen ɗakuna biyun da za mu zauna, shekaranjiya ya kawo mini takardar launin fenti in zaɓa. Na zaɓa masa ruwan ƙwai ina murmushi, da ya tafi kunya ta kama ni har na kasa cin abinci. Ina son sa, kuma ina son auren. Amma ina tsoron in rufe ƙofar da ta buɗe da kanta, in zo ina da-na-sani ina goyon ɗa na uku.

Don Allah ki gaya mini gaskiya, wanne ya fi wuyar shiga, fim ko waƙa? Kuma in bar Gwaggo ta tafi da saƙon?

Ƙanwarki daga Bukan Sidi, Lafiya.

AMSA

Wa alaikis salam ƙanwata. Tambayarki ta biyu ta fi gaggawa, don haka da ita zan fara. Kada ki bar Gwaggo ta tafi da wannan saƙo. Yau ɗin nan ki zaunar da ita ki gaya mata babu gurbin karatu. Za ta yi faɗa, ki sunkuyar da kai ki sha, faɗan yau ya fi sauƙi a kan ta tsaya gaban yayanta ta faɗi abin da ba haka ba da bakinta mai furfura. Kuma ki duba irin ƙaryar da kika zaɓa. Kina so ki ɓuya, a cikin aikin da gaba ɗayansa nuna fuska ne. Kafin wata biyu wani yaro a Arikya zai miƙa wa Babanki waya ya ce ga karatun da ake yi. Ramin ƙarya ƙurarre ne, naki kuwa ko zurfin gwiwa bai kai ba.

Sai batun wanne ya fi wuya. Kowanne da inda wuyarsa take. Ƙofar waƙa ba mai gadi, duk mai murya da ɗan ɗaki irin na Torkuma zai iya shiga yau, shi ya sa cikin ya cika maƙil, wahalar ita ce a ji ki a cikin hayaniyar. Fim kuwa mutum ɗaya ba ya yin sa. Sai an tara mai labari, mai kyamara, mai ɗaukar nauyi, kuma wani ne zai nuna ki da yatsa kafin ki shiga. Kin shiga ne don wata ba ta zo ba, gobe wata za ta shiga don ke ba ki zo ba. Kin ma ɗanɗana da kanki, an canza miki murya ba a tambaye ki ba, kuma ba mugunta aka yi miki ba, haka aikin yake, hannu da yawa ke juya shi. Shiga fim na iya zuwa da sa'a, zama a cikinsa ne ke cin mutum. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Ban raina tayin da aka yi miki ba. Fitowa ta wata takwas ba wasa ba ce, 'yan mata da yawa sun yi shekaru suna jiran irinta. Kuma son a san ki da aikinki ba laifi ba ne, kada ki ji kunyarsa. Sai dai lissafinki akwai gyara. Kin ce awa ɗaya ta fi shekara huɗu, to me ya sa kika faɗi maganarki sau ɗaya ta zauna? Don kin saba tsayawa gaban makirfo ba rawar murya, kina sauri kafin mai walda ya dawo. Shekara huɗun ce ta yi miki awa ɗayar. Kuma ba ki buga ƙofar waƙa yadda kike zato ba. Kina jera sunan mutum arba'in a kowace waƙa, har da yayar uwar ango, ki bar na arba'in da ɗaya a baki. Wa zai san ki? Torkuma ya fi ki gaskiya a nan. Daga waƙa ta gaba ki faɗi sunanki da garinku, ki riƙa zuwa wurin kamu kina rerawa da kanki a gaban mata, ki ba abin shekara guda, sannan ki zo mu sake lissafi.

In kika tambayi ra'ayina, ni na fi karkata ga ki yi aurenki ki riƙe waƙarki. Na karanta wasiƙarki sau biyu, inda kika yi maganar situdiyo da zufa da kwalayen ƙwai nan kika fi daɗewa, nan kuma na ji kina dariya. Abin da kika faɗa game da fim kusan duk abin da mutane suka ce ne bayan ya fito. Amma ba zan ruɗe ki ba, in kin zaɓi auren, wannan ƙofar za ta rufe, kuma akwai ranar da za ki ga wata a matsayin da aka yi miki tayi, abin ya ɗan sosa miki rai. Kowane zaɓi da abin da yake ci. In kuma bayan istihara zuciyarki ta tsaya a kan Kano, ki tafi da sanin Baba da yardarsa, ki san inda za ki zauna, a rubuta sharuɗɗan aikin a takarda, ki kuma tambayi abin da zai biyo bayan wata takwas ɗin.

Ko wanne kika ɗauka, Muhyiddin ne farkon wanda ya kamata ya ji, kuma daga bakinki, domin zuwa da kai ya fi aike. Ki kira shi gidan Gwaggo kafin Juma'a, ki gaya masa tayin, ki gaya masa ƙaryar da kika shirya, ki gaya masa kina son sa kamar yadda kika gaya mini. Daga nan ki yi shiru ki saurare shi. Zai iya cewa zai jira, zai iya cewa ba zai iya ba, kuma duk wanda ya faɗa bai zalunce ki ba. Shekarar da kike so ki ɗauka ba taki ba ce ke kaɗai, rabinta tasa ce, ba a ɗaukar ta ta bayan gida.

Allah ya zaɓa miki abin da ya fi alheri, ya sa albarka a muryarki, ya ba ki ƙarfin zuciyar faɗin gaskiya ga wanda ya amince da ke. Ki gaishe mini da Gwaggo in ta huce.

Taki, Anti Dijatu.