Ƙorafin Murja a Kan Hana Ɗanta Askin Suna

Zuwa ga:
Mai Girma Wakilin Sarkin Hausawa,
Sabo, Ibadan.

Daga:
Murja, matar Manniru Direba,
Gidan Alhaji Ladan Mai Goro, Sabo.

Litinin, 21 ga Afrilu, 1969.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: HANA ƊANA ASKIN SUNA SABODA JINYAR FITILA DA AKA YI MASA A ASIBITI

Bayan gaisuwa da ban girma irin wanda ya dace da matsayinka, zan fara da laifin da za a fara gaya maka a kaina, don ka ji shi daga gare ni. Ranar Litinin, 10 ga Maris, Alhaji Ladan, baffan maigidana, ya aiko mini asibiti da umarnin in ɗauko jaririna in dawo gida kafin magariba, saboda washegari suna. Na ƙi. Na ce wa ɗan aiken ya gaishe shi da kyau, ya kuma gaya masa ba zan zo ba. Ban musanta ba, kuma ba haƙuri na rubuto in bayar a kai ba.

Ga yadda abin ya faru. Na haihu a gida ranar Talata, 4 ga Maris, ɗa namiji, ɗan fari, cikin bai gama cika ba. Maigidana yana can wajen Inugu yana tuƙa motar abincin soja, rabonmu da shi tun kafin Babbar Salla. Ranar Juma'a na ga idon yaron ya zama kamar gwaiduwar ƙwai, ya kuma rage kama nono. Inna, mahaifiyar maigidana, ta ce shawara ce, a jiƙa masa sassaƙe. Ni kuwa na yi makarantar horon malamai mata a Kano, kuma a can aka koya mana cewa shawarar jarirai in ta yi yawa takan taɓa ƙwaƙwalwa. Na naɗe shi a zane, na taka har Mokola da ɗanyen jego, na shiga tasi zuwa asibiti.

Likita ya auna jininsa ya ce a sa shi a fitila. Akwati ne na katako da dogayen ƙwayayen lantarki a samansa. Ana tuɓe yaro, a rufe masa ido da ƙyalle don kada haske ya cuce shi, a riƙa juya shi, a riƙa ba shi nono a kai a kai. Hasken ne ke karya rawayar da ke cikin fata, jiki ya fitar da ita. Likita ya ce idan aka cire shi kafin lokaci, sai dai a canja masa jini, jini kuwa yanzu sojojin da ake kawowa da rauni ne a layinsa.

Babu gadon da za a ba ni, a benci na zauna har aka sallame mu ranar Juma'a, 14 ga wata. Ban yi wankan jego ba, ban sha kunun kanwa ba. Matan Yarabawa masu jinya a ɗakin su suka riƙe ni, suna kirana Iya Sabo, suna tura mini amala da ewedu, abincin da na taɓa rantsuwa ba zai shiga bakina ba. Ina shaida wa mai girma cewa na yi kaffara, kuma yanzu har ƙari nake nema.

Ƙorafina shi ne kamar haka:

1. Ranar suna, 11 ga Maris, an raɗa sunan a ƙofar gida lami lafiya, tunda dama ba a fito da jariri gaban maza. An sa masa Iliyasu. Na san bai kamata uwa ta ambaci sunan ɗan fari ba, amma wannan takardar hukuma ce, kuma alƙalami ne ya faɗa, ba ni ba. Da hantsi sai ga Malam Ya'u Wanzami a ƙofar asibiti da zabirarsa, wai zai yi aski ya cire beli a nan take. Mai gadi ya hana shi shiga. Na fito, na durƙusa har ƙasa na gaishe shi, na roƙe shi ya jira a sallame mu, na kuma gaya masa likita ya hana a fitar wa yaron da jini ko ɗigo. Ya ce tun kafin a haifi ubana yake riƙe da aska, babu wata 'yar boko da za ta sa masa rana. Ya juya ya tafi. Kasonsa na naman rago dai ya karɓa, an kuma tabbatar mini bai rage ko ƙashi ba.

2. Bayan haka ya tara wanzaman Sabo suka yi shawara cewa babu mai taɓa kan ɗana, kuma in lokacin kaciya ya zo, in kai shi fitila ta yi masa. Na aika wa sauran ɗaya bayan ɗaya. Wani ya ce askarsa ta dakushe, wani ya ce mura yake yi, har yau bai warke ba, Allah ya ba shi lafiya. Wani mai aski Bayarabe a Mokola ya ce in kawo shi ya yi masa da almakashi kyauta. Na gode masa, amma ban kai ba. Ɗana Bahaushe ne haifaffen Sabo, wanzamin Sabo ne zai aske shi. Yanzu sumar haihuwa tana nan a kansa ta yi tsiri, duk wanda ya shigo gida kan yake fara kallo kafin ya gaishe ni.

3. Malam Ya'u yana yawo rumfa rumfa yana cewa na kai yaro an gasa shi kamar tsire, kuma an ɗaure masa ido har ya makance. Saboda wannan magana, matan da suka zo barka sukan jira in juya baya su kaɗa masa yatsa a fuska. Yaron yana binsu da ido yana mamakinsu. Idonsa fari tas, kumatunsa sun cika, kukansa kuwa maƙwabta za su ba da shaida. Inna da kanta, wadda ta fi kowa faɗa da farko, yanzu ba ta yarda kowa ya goya shi sai ita.

4. Wannan shi ne abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Makon jiya Lailatu, matar mahaucin da ke bayan gidanmu, ta ga rawaya a idon 'yarta, ta ɓoye ta a ɗaki don tsoron kada a yi mata abin da aka yi mini. Sai da na je na ja hannunta muka tafi asibiti. Yarinyar tana cikin fitila yanzu. Ba kowace mace ce ke da taurin kaina ba, ranka ya daɗe, kuma bai kamata sai mai taurin kai ɗanta zai rayu ba.

Don haka ina roƙon mai girma ya kira Malam Ya'u da 'yan'uwansa, ya sa su janye wannan shawara, a sa ranar da za a aske ɗana a gidan ubansa kamar kowane ɗa. Aski kawai na ce. Maganar beli tana nan inda likita ya ajiye ta. Ba na neman a hukunta kowa. Malam Ya'u dattijo ne, hannunsa kuma babu kamarsa a Sabo, shi ya sa ma shi nake so ya yi.

Kada mai girma ya zaci abin ya zo mini a banza. Alhaji Ladan bai amsa gaisuwata ba tun ranar da na ƙi umarninsa. Ya rufe ajin yamma da nake koya wa matan unguwa karatu a gidansa, allon yana jingine a bayan kwandunan goro. Bayana yana ciwo har yau saboda bencin nan. An yi bikin sunan ɗana na fari, an ci, an sha, an yi guɗa, ni ban sa lalle ba, ban ga ko mutum ɗaya ba, kuma ba za a sake yinsa ba. Na san da haka lokacin da na ce ba zan zo ba.

Allah ya ƙara wa mai girma lafiya da adalci, ya kawo ƙarshen yaƙin nan, ya dawo mana da mazajenmu.

Ni ce 'yarka mai biyayya a duk inda biyayya ta dace,

Murja Manniru.