Shirun da Na Bar wa Inna Saratu

Lahadi da dare, garin Isa

Na gaji, amma raina fes. Tun da hanya ta ɓaci Fada, limamin cocinmu, ya daina fita ƙauyuka, ni katikis, mataimakinsa, ni ke ɗaukar karatun Bishara da muryata a waya, in tura wa 'yan Katolikanmu da ke warwatse.

Makon jiya Inna Saratu ta Kamarawa ta aiko mini da faɗa: "Katikis, haka ake shiga gidan mutane? Ka hau wa'azi ko gaisuwa babu! Ba ni ƙara saurare." Na ji haushi sosai, amma tsohuwar tana da gaskiya.

Yau sai na fara da sallama. Na tambayi gida, na tambayi gona da ruwa, ina yin shiru bayan kowace gaisuwa. Ni kaɗai a ɗaki ina jiran bango ya amsa, kamar taɓaɓɓe.

Da la'asar ɗiyarta ta kira ni. Wai Inna ta amsa duka, har tabarma ta shimfiɗa wa wayar. Ƙorafinta ɗaya: shirun ya yi gajere, ba ta gama ba ni labarin ciwon ƙafarta ba.

Gobe za ni tsawaita shi.